Leza ko wuƙa? Fashin baƙi kan aikin kumburarrun jijiyoyin ƙafa

Mai shayin da ke tsaye tun asuba, malamar firamare, mai aski, ɗan sandan da ke ba da hannu a titi, da uwar da ta yi haihuwa biyar ko shida, akwai abin da yakan haɗa su idan shekaru suka ja. Jijiyoyin ƙafa su taso, su murɗe, su yi ƙulu-ƙulu a sharaɓa ko a cikin cinya. Da safe ƙafa lafiya lau. Kafin la'asar ta yi nauyi, tana zogi, idon sawu ya kumbura, fata tana ƙaiƙayi, cikin dare kuma tsoka ta riƙe. Wani yakan yi shekara ashirin a haka bai ga likita ba, tunda dai doguwar riga ko zani sun rufe. Wani kuwa sai fatar ƙwaurinsa ta yi baƙi ta yi tauri, daga nan gyambo ya ɓarke.

Yanzu da tallan asibitocin Indiya da Masar da Dubai ya cika intanet, kowa ya ji labarin leza, wato hasken na'ura mai ƙarfi da ke ƙona jijiya: ba yanka, ba ɗinki, ka shiga da ƙafarka ka fito da ƙafarka. Shi ya sa tambayar da ke bakin masu wannan larura ita ce, leza za a yi ko tiyata? Tambayar tana da amsa, amma a ganina an yi gaggawar yin ta. Akwai wadda ta riga ta, wato wace jijiya ce ta lalace, kuma daga ina zuwa ina.

Jinin da ya sauka ƙafa dole ya koma zuciya, kuma hawa zai yi. Hanyoyi biyu yake bi. Akwai manyan jijiyoyi na can ciki, tsakanin tsoka, su ne ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na jinin. Akwai kuma na sama-sama, ƙarƙashin fata, masu ɗaukar ragowar. Babba a cikin waɗannan ita ce wadda likitoci ke kira babbar safena. Ta taso daga idon sawu ta ciki, ta bi ƙwauri da cinya har matsematsi, inda take zuba jininta cikin jijiyar ciki, kuma babu jijiyar jini da ta kai ta tsawo a jikin ɗan Adam. Ƙanwarta, ƙaramar safena, ta bayan sharaɓa take bi ta ƙare a bayan gwiwa. Duk lokacin da mutum ya taka, tsokar sharaɓa tana matse jijiyoyi ta tura jini sama. Abin da ke hana shi dawowa shi ne 'yan ƙananan bawul da ke jere a cikin jijiyar, aikinsu irin na bawul ɗin tayar keke, a wuce ta gefe ɗaya ba a dawowa. Idan suka saki, jini yakan zubo ƙasa da zarar an miƙe tsaye, ya taru, ya buɗa rassan da ke ƙarƙashin fata. Waɗannan rassan su ne ƙulu-ƙulun da ido ke gani. Gado yana da hannu sosai a ciki, haka juna biyu, da ƙiba, da yawan shekaru, da doguwar tsayuwa.

Ke nan abin da ake gani a sharaɓa sau da yawa ba a nan gizo ke saƙar ba. Asalin ɓarnar tana can sama a cinya, a cikin jijiyar da ba a ma ganinta. Duk wanda ya cire rassa ya bar uwar tana yoyo, ya yi aikin baban giwa.

Hoton da ke fayyace wannan shi ne sikanin jijiyoyi na Dopla, ɗan'uwan wanda ake yi wa masu ciki, sai dai shi yana nuna inda jini ya nufa. A tsaye ake yin sa, domin a kwance yoyon yakan ɓuya. Mai hoton zai ɗora kan na'urar a cinya, ya matse sharaɓa da hannu, ya saki. A lafiyayyar jijiya jini zai yi sama, bawul ya rufe nan take. Idan ya ci gaba da komawa ƙasa fiye da rabin daƙiƙa, an tabbatar bawul ya lalace. Hoton yana kuma duba jijiyoyin ciki, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutumin da ya taɓa samun gudan jini ya toshe masa jijiyar ciki, wataƙila waɗannan kumburarrun na waje su ne kaɗai hanyar da ta rage wa jininsa. A toshe su, ƙafa ta ƙara lalacewa. Saboda haka duk wanda ya kalli ƙafarka da ido kawai ya yanka maka kuɗin leza, ka ɗauki takalminka.

Tiyata ita ce tsohuwar hanya. Wani likitan Jamus, Friedrich Trendelenburg, shi ya yi suna wajen ɗaure babbar safena a cinya tun wajen 1890. A farkon ƙarni na 20 likitocin Amurka suka ƙara da zare jijiyar gaba ɗaya, kuma dabarar da William Babcock ya fito da ita a 1907, ta zura waya cikin jijiyar a jawo ta, ita ce tushen abin da ake yi har yau. Ana sa mutum barci ko a yi masa allurar baya ta kashe rabin jiki. A tsaga matsematsi kaɗan, a nemo mahaɗar safena da jijiyar ciki, a ɗaure ta tare da rassanta, a yanke. Sai a zura waya har zuwa wajen gwiwa, a fito da ita ta wata 'yar ƙaramar kafa, a jawo jijiyar waje. Likitocin yanzu ba su cika wuce gwiwa ba, domin daga nan zuwa ƙasa akwai jijiyar ji da ke manne da safena, idan aka taɓa ta sai gefen ƙwauri ya mutu ko ya riƙa yin tsam-tsam.

Aibin tiyata ba ɓoyayye ba ne. Cinya takan yi tararren jini, akwai ciwo na kwanaki, raunin matsematsi yana iya yin ruwa musamman ga mai ƙiba, kuma mutum yakan yi mako biyu zuwa uku kafin ya koma aiki sosai. Akwai kuma wani abin mamaki da aka lura da shi: a wurin da aka yanka, jiki yakan tsiro da sababbin ƙananan jijiyoyi marasa bawul, su sake haɗa hanyar da aka raba. Wannan na cikin dalilan da ke sa larurar ta dawo bayan shekaru.

Tunanin da ya kawo leza mai sauƙi ne. Tunda manufar ita ce a hana jini bin lalatacciyar jijiya, me zai sa a zare ta? A ƙone ta daga ciki ta rufe, a bar ta a wurinta. Wani likita a Sifaniya, Carlos Boné, ya bayyana wannan aiki a 1999, kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a farkon shekarun 2000.

Ga yadda abin yake a ɗakin aiki. Majiyyaci yana kwance, idonsa biyu, yana iya hira da nas. Likita zai kashe 'yar fata kusa da gwiwa, ya soka allura cikin jijiyar yana kallon allon sikanin, ya zura siririn zaren gilashi mai ɗauke da hasken leza, ya tura shi sama har bakinsa ya tsaya kamar santimita 2 kafin mahaɗar da ke matsematsi. Daga nan sai sashen da ya fi ɗaukar lokaci, wanda kuma majiyyata suka fi ƙorafi a kansa: jerin allurai a tsawon cinya, ana ɗura ruwan gishiri mai haɗe da maganin kashe zafi kewaye da jijiyar. Ruwan yana da yawa, cinya takan yi tauri ta yi sanyi. Aiki uku yake yi. Yana kashe zafi, yana matse jijiyar ta rungumi zaren, yana kuma shanye zafin wutar kada ya ƙona fata ko jijiyar ji. Wannan dabarar aro ce daga masu aikin zuƙe kitse, wani likitan fata na Amurka, Jeffrey Klein, ya fito da ita a 1987, kuma ba don ita ba da leza ba ta yiwu ba tare da sa barci ba. Sai a karkata gado kai ya yi ƙasa don jijiyar ta zube, kowa ya sa tabarau na kariya, a kunna na'ura, likita yana jan zaren a hankali, milimita bayan milimita. Wasu majiyyatan sukan ce sun ji ɗanɗanon ƙauri a baki. Cikin 'yan mintuna an gama ƙonawar. A manna filasta, a sa safa mai matsi, a ce tashi ka taka. Dukan aikin bai cika wuce awa guda ba. Jijiyar kuwa ta zama mataccen zare, jiki zai shanye ta cikin watanni.

Na'urorin ma sun canza. Na farko, masu zangon haske nanomita 810 zuwa 980, jini suke dafawa, sukan huda bangon jijiya su bar ciwo da tabo. Na baya-bayan nan, irin 1470, ruwan da ke cikin bangon jijiyar suke nufa, kuma bakin zarensu yana watsa haske a kewaye maimakon ya harba gaba. Ciwon bayan aiki ya ragu ƙwarai da su. Ba laifi ba ne majiyyaci ya tambayi wace iri asibiti ke da ita.

Leza tana da kishiya, wato ƙonawa da igiyar rediyo, wadda ta ɗan riga ta samun izini a Amurka, a 1999. Shiga ɗaya ce, ruwan allura ɗaya ne. Bambancin kawai bakin bututun ne ke yin zafi, digiri 120, yana ƙona santimita 7 a kowane daƙiƙa 20. Sakamakonsu kusan ɗaya, duka biyun suna rufe jijiya a fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka yi wa. Wanda aka ce masa asibiti na da wannan babu waccan, bai yi asarar komai ba.

Sai kumfa. Akwai magungunan da idan aka ɗura su cikin jijiya sukan ƙona fatar cikinta ta manne. Matsalarsu a da ita ce jini yakan tsinka su kafin su yi aiki a babbar jijiya. Wani likitan Italiya, Lorenzo Tessari, ya yaɗa wata dabara wajen shekarar 2000: sirinji biyu a haɗa bakinsu da 'yar mahaɗa, ɗaya da magani ɗaya da iska ninki huɗu, a yi ta tura su gaba da baya har su zama farar kumfa mai kauri. Kumfar tana ture jini ta zauna a bangon jijiya. Ba ta buƙatar na'ura mai tsada, ba ta buƙatar jerin allurai, ta fi kowace hanya araha. Amma jijiyar takan sake buɗewa fiye da sauran hanyoyin, sau da yawa sai an maimaita, kuma tana barin baƙin layi a fata wanda kan yi watanni. Akwai kuma gam na musamman, VenaSeal, da Amurka ta amince da shi a 2015, ana liƙe jijiyar da shi ba zafi ba ruwan allura. Yana da tsada, wasu kuma jikinsu yakan ƙi shi wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi.

To wacce ta fi? A nan gara a bar talla a duba gwaji. A Birtaniya an yi wani babban bincike mai suna CLASS, aka raba mutum 798 kashi uku ta hanyar ƙuri'a: leza, kumfa, tiyata. Sakamakon farko ya fito a 2014. Matsalolin lokacin aiki sun kai kashi 7 cikin 100 a tiyata, 6 a kumfa, 1 kacal a leza. Aka ci gaba da bin mutanen, a 2019 aka fitar da sakamakon shekara biyar: waɗanda aka yi wa leza da waɗanda aka yi wa tiyata sun fi 'yan kumfa jin daɗin ƙafafunsu, tsakanin leza da tiyata kuwa babu wani bambancin a-zo-a-gani. Tun 2013 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta jera su haka: a fara da ƙonawa, in ba ta yiwu ba a yi kumfa, in ita ma ba ta yiwu ba a yi tiyata.

Abin da na fahimta daga wannan shi ne, fifikon leza yana cikin makonnin farko ne. Ciwo kaɗan, ba sa barci, komawa aiki cikin 'yan kwanaki. Ga mai shayin da in bai fita ba ba a ɗora tukunya a gidansa, wannan ba abin rainawa ba ne. Amma bayan shekaru, ƙafar da ƙwararren likita ya yi wa tiyata ba ta gaza wadda aka yi wa leza ba. Jerin NICE an yi shi ne don ƙasar da gwamnati ke biyan kuɗin jinya kuma na'urorin suna ko'ina. A wurinmu zaren lezar daga waje ake sayo shi da dala, sau ɗaya ake amfani da shi a jefar, kuma aljihun majiyyaci ne ke biya. Ban ga hikimar mutum ya sayar da gona ya hau jirgi don leza ba, alhali akwai likitan fiɗa a asibitin koyarwa da ya iya tsohuwar hanyar, ga kuma mai hoton da zai zana masa taswirar jijiyar. Akwai ma ƙafafun da leza ba ta dace da su ba: jijiyar da ta murɗe ƙwarai har zare ba zai wuce ba, ko wadda ta taso daf da fata har ana tsoron ƙuna.

Ko an ƙona uwar, rassan nan masu ƙulu-ƙulu ba lallai su ɓace duka ba. Wasu sukan motse da kansu. Waɗanda suka rage ana bin su da kumfa, ko a fizge su ta 'yan hudoji na milimita 2 zuwa 3 da wani ɗan ƙugiya, dabarar da likitan fata Robert Muller na Suwizalan ya inganta, ba a ma ɗinke wurin. Ya kamata a yi wannan maganar tun kafin a biya kuɗi, a san ko yana cikin lissafin ko wani sabon bil ne.

Akwai wani ruɗani da masu gidajen gyaran fata ke cin kasuwa da shi. Leza iri biyu ce. Wadda na bayyana cikin jijiya take shiga. Ɗayar kuwa a kan fata ake haska ta, kuma aikinta 'yan siraran jijiyoyin nan ne ja ko shuɗi da ke shimfiɗe a saman fata. Ba ta isa ta rufe safena ba, ko kusa. Ga mu masu baƙar fata ma sai an yi hattara da ita, domin launin fatarmu yana shan hasken, yana iya barin ƙuna ko fari-fari ko baƙin tabon da ya fi abin da aka je cirewa muni. Mai zangon 1064 ita ce ta fi dacewa da fata mai duhu, kuma ko ita sai a hannun wanda ya saba.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne gyambo. Gyambon jijiya yakan fito a saman idon sawu ta ciki, ba shi da zurfi sosai, yana tsattsafo da ruwa, fatar kewayensa baƙa mai tauri. Mutane sukan yi shekaru suna wanki da ɗauri, daga kemis zuwa mai maganin gargajiya, wani ma a ce masa sammu ne ya taka. A da likitoci ma sukan ce a bari ya warke da bandeji tukuna kafin a taɓa jijiya. Binciken EVRA da aka buga a 2018 ya sauya wannan tunani. Mutum 450 masu gyambo aka raba biyu, duka ana ɗaure su da bandeji mai matsi, amma rabi an rufe musu jijiyar cikin mako biyu. Waɗannan gyambonsu ya warke a tsaka-tsakin kwana 56, na sauran kuwa 82. Wani binciken da ya gabace shi, ESCHAR, ya nuna cewa cikin shekara huɗu gyambo ya dawo wa kashi 56 cikin 100 na waɗanda aka bari da matsi kaɗai, amma kashi 31 ne a waɗanda aka haɗa musu da tiyata. Lura, wannan na biyun da wuƙa aka yi shi, ba leza ba. Mai gyambo ba shi da dalilin zaman jiran na'ura.

Sai dai ba kowane gyambon ƙafa ne na wannan larura ba, musamman a ƙasarmu. Masu sikila sukan yi gyambo a daidai wurin nan. Ciwon suga yana kawo nasa, galibi a tafin ƙafa da yatsu. Akwai kuma na toshewar jijiyoyin da ke kawo jini daga zuciya, kuma shi matsi guba ne gare shi, yana iya kashe ƙafar. Shi ya sa kafin a naɗa bandeji mai ƙarfi ake auna ƙarfin bugun jini a idon sawu a kwatanta da na hannu. Idan na ƙafa ya gaza kashi 80 cikin 100 na hannu, ba a matsewa gaba gaɗi.

Safa mai matsi tana rage nauyi da kumburi muddin tana ƙafa, amma ba ta gyara bawul, kuma duk wanda ya sa ta a zafin watan Afrilu ya san ba kowa ke jurewa ba. Inda ta fi amfani shi ne ga mai juna biyu, don ba a yin ko ɗaya daga cikin ayyukan nan da ciki sai bisa larura mai ƙarfi. Jijiyoyin sukan ragu da kansu cikin watanni bayan haihuwa, sai a sake dubawa a lokacin.

Abu guda da ya kamata kowane gida mai irin wannan majiyyaci ya sani shi ne zubar jini. Fatar da ke kan kumburarriyar jijiya takan yi siriri, ɗan karce ko susa sai ta fashe, jini ya yi tsartuwa har ya firgita mutane. Kuskuren da ake yi shi ne a bar mutum a tsaye ko a zaune ƙafa na lilo, ana neman tsumma a ɗaure cinya. A kwantar da shi a ƙasa, a ɗaga ƙafar sama da ƙirjinsa, a jingina ta da bango ko kujera, a danne bakin wurin da tsaftataccen ƙyalle. Jinin zai tsaya. Bayan nan a tafi asibiti, domin wadda ta fashe sau ɗaya za ta sake. Wannan ne kuma ya sa bai kamata a bar wanzami ya yi tsaga ko ya kafa ƙaho a kan irin jijiyoyin nan ba, komai ƙwarewarsa. Jinin da zai fito baƙi ne, za a ce mataccen jini ne ya fita, alhali kafin dare jijiyar ta sake cika, ga kuma rauni a fatar da ba ta warkewa da wuri.

Bayan kowane irin aiki, umarnin likita shi ne tafiya, ba kwanciya ba. A riƙa takawa kullum, a sa safar tsawon kwanakin da aka ce, a dakata da doguwar tafiyar mota ko jirgi na 'yan makonni, abin da masu zuwa waje yin aikin su juyo washegari ya kamata su sa a lissafi. Jin wani abu ya ɗaure a cikin cinya yana ja, wajen mako guda bayan leza, ba abin tsoro ba ne, jijiyar ce ke motsewa. Abin tsoro shi ne ƙafa ta kumbura gaba ɗaya, sharaɓa ta yi tauri tana ciwo, ko numfashi ya soma sarƙewa da ciwon ƙirji. Wannan alamar gudan jini ce a jijiyar ciki. Ba ya yawan faruwa, amma yana iya biyo bayan leza kamar yadda yake biyo bayan wuƙa, kuma ba a kwana da shi a gida.